Itatuwan fure a gida: wanne ya dace da ƙasar Kelle?

A wannan fitowa za mu tattauna a kan itatuwan da ake dasawa saboda furensu. Duk wanda ya je Gure ko Damagaram ya ga irinsu a ƙofar ofisoshi da makarantu da gidan likita, wani ja, wani rawaya, wani fari fat. Mutane da yawa sukan sayo ɗan dashe a leda su kawo gida. Su yi ta ba shi ruwa, kafin wata biyu ya mutu. Sai a ce ƙasar Kutus ba ta karɓar fure. Tana karɓa, sai dai ba kowane iri ba. Akwai kuma abin da ya fi mutuwar dashe muni. Wasu daga cikin itatuwan nan masu kyan gani suna da dafi, suna iya kashe yaro ko akuya. Saboda haka ya kamata mu san su tun kafin mu shigo da su tsakar gida.

Wani zai ce fure ba ya shiga tukunya, me ya sa za a ɓata ruwa a kansa? Tambayar tana da kan gado. A nan ruwan sama na shekara wajen milimita 300 ne, wata shekara ma bai kai haka ba. Yawancinsa yana sauka daga Yuli zuwa Satumba. A ƙauyuka da yawa ruwa sai an ja shi daga rijiya mai zurfi, kuma mata da yara ne ke shan wahalar ɗaukarsa. Amma itacen fure itace ne kamar kowane. Yana ba da inuwa, yana tare iska da ƙura, yana riƙe rairayi, yana kiran ƙudan zuma. Wasu ma ana cin ganyensu ko a sayar. Ido kuma yana da nasa rabo. Abin da muke nema shi ne itacen da zai ba mu fure da ruwa kaɗan.

Tun shekarar 1975 aka ware ranar 3 ga Agusta domin dashen itatuwa a ƙasarmu. A 1984, shekarar babban fari, an yi taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Daga nan zuwa yau an dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka zaɓi irinsu da kyau, aka kare su daga awaki, aka kuma sami mai ba su ruwa a ranin farko.

Kariya

Mu fara da ta gida. Kariya ƴar asalin ƙasashen bakin hamada ce, tun daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa. Gajera ce, mai ƙaton gindi kamar tulu. A cikin gindin nan take ajiye ruwanta. Furenta ja ne mai haske, cikinsa fari-fari. Abin sha'awa shi ne tana yin fure da rani, bayan ta zubar da ganye, lokacin da daji ya bushe ƙayau. Turawa suna kiranta furen hamada. A ƙasar Tailan akwai masu gonaki da sana'arsu ke nan, suna renonta suna sayar wa duniya. Mu kuwa da Allah ya ba mu ita kyauta, mun mai da ita abin banza.

A ganinmu babu itacen fure da ya dace da Kelle kamarta. Tana son rana mai zafi, tana son ƙasa mai tsakuwa da rairayi irin ta gindin duwatsunmu. Yawan ruwa ne yake kashe ta. Idan ruwa ya kwanta a gindinta sai ya ruɓe, ya yi laushi kamar dafaffen dankali. Da bazara a ba ta ruwa sau ɗaya a mako. Da hunturu sau ɗaya a mako biyu ya isa. Da damina a bar ta da ruwan sama. A dasa ta a kan ɗan tudu, kada a sa ta a kwari.

Ana samun ta ta hanya biyu. Ta farko ita ce iri. Ƴaƴanta suna fitowa biyu-biyu kamar ƙahon akuya. Idan sun nuna sai su fashe, iska ta kwashe irin, domin kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi. Don haka a ɗaure ƙahon da zare tun bai fashe ba. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar a kan rairayi mai laima, a rufe ta da ƙasa kaɗan. Sabon iri yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Irin da ya daɗe a ajiye ba ya tsirowa sosai. Hanya ta biyu ita ce yankan reshe. A yanki reshe mai tsawon taƙi ɗaya, a ajiye shi a inuwa kamar mako guda har bakin yankan ya bushe, sa'an nan a kafa shi cikin rairayi. Wanda ya kafa ɗanyen yanka, ruɓewa zai yi. Ta reshe ta fi saurin yin fure, ta iri kuwa ita ce mai ƙaton gindin nan mai kyan gani.

To, amma fa kariya tana da dafi. Maharban da can suna haɗa dafin kibiya da ruwan jikinta. Za mu koma kan wannan a gaba. A yanzu mu riƙe cewa wurinta shi ne inda ƙananan yara ba sa wasa, kuma duk wanda ya yanke ta ya wanke hannu da sabulu.

Sauran na gida

Lalle kowa ya san ganyensa, amma mutane kaɗan ne suka kula da furensa. Ƙanana ne, farare, suna da ƙanshi mai daɗi da ke cika gida da maraice. Lalle yana jure zafi da ƙishi, yana jure ruwa mai ɗan gishiri, kuma yana kamawa ta yankan reshe ba da wahala ba. Idan an jera shi, kamu ɗaya tsakanin kowane biyu, sai ya zama shinge. Mai yawan aske shi don ganye ba za ta ga fure ba. Sai ta bar gindi ɗaya ko biyu su yi tsawo. Ga wani gargaɗi ga iyaye mata: kada a shafa wa jariri lalle a jiki. Akwai yaran da aka haifa da wani rauni a cikin jini wanda ba a gani da ido. Lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini, idonsu ya yi rawaya, su galabaita.

Zogale asalinsa daga Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Tun a shekararsa ta farko yake yin fure fari mai ƙanshi, ga ganye na kwaɗo da miya. Idan ya kai tsawon ƙirjin mutum a tsinke kansa, don ya yi rassa. Matar da ruwanta bai wuce na itace ɗaya ba, ta dasa zogale.

Dirga da bagaruwa ba sai mun yi dogon bayani ba. Sun saba da ƙasarmu, bayan shekara ɗaya ba sa neman ruwan kowa. Furen bagaruwa rawaya ne, dunƙule-dunƙule, ƙudan zuma suna sonsa ƙwarai.

Baƙin itatuwa

Wanda ya fi jan ido a birni shi ne bugambiliye, mai hawa katanga ya lulluɓe ta da ja ko shunayya ko fari. Asalinsa daga Barazil ne. Wani masanin tsirrai da ke cikin ayarin jirgin ruwan Faransa ya gan shi a can a 1767, aka sa masa sunan shugaban ayarin. Abin da muke gani mai launi ganye ne mai kama da takarda. Furen gaskiya ƙarami ne, fari, yana tsakiya. Bugambiliye yana rayuwa a nan idan an taimake shi a shekarar farko. Bayan ya kafu, yawan ruwa da yawan taki suna sa shi ya yi ganye kore shar ba fure. Idan aka bar ƙasar ta bushe kafin a sake ba shi ruwa, sai ya cika da launi. Ana samunsa ta yankan reshe mai kaurin fensir, saiwa tana fitowa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Saiwarsa ba ta da ƙwari, a yi hankali da ita wajen dashe. Yana da ƙaya, saboda haka a kafa shi a jikin katanga, nesa da hanyar wucewa. Awaki suna cinsa.

Falamboyan shi ne babban itacen nan da ke yin ja wur a ƙarshen bazara, kamar an cinna masa wuta. Daga tsibirin Madagaska ya fito. Yana da kyau, ba musu. Amma mu ba mu ba kowa shawarar dasa shi a cikin gida a Kelle ba. Yana shan ruwa da yawa, gara tana sonsa, rassansa suna karyewa da iskar farkon damina, saiwarsa kuma tana bin sama-sama har ta tsaga katanga. Idan jama'ar gari suna sonsa, su dasa guda ɗaya inda ruwan famfo ke malala, a nesa da gini kamar taki goma.

Sassabani, wanda wasu ke kira sharan labbi, baƙo ne daga nahiyar Amurka. Furensa rawaya ne, ganyensa siriri, yana da ƙaya. Shi kam ya fi raƙumi haƙurin ƙishi. Yana da kyau a shinge, sai dai kada a kai shi bakin tabki, domin a nan yakan yaɗu ya fi ƙarfin mai shi.

Maganar dafi

Ƴan uwa, wannan sashe a karanta shi sau biyu, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Akwai wani ɗan itace da ake yawan dasawa a birni, ana ce masa loriye. Ganyensa dogo ne, siriri, mai kauri, yana fitowa uku-uku a jikin reshe. Furensa ja ne mai haske ko fari. Yana jure zafi da ruwan gishiri, shi ya sa masu sayar da dashe suke yabonsa. Ko'ina a jikinsa dafi ne: ganye, fure, ɓawo, saiwa. Busasshen ganyensa ma dafin yana nan. Ganye kaɗan da ya faɗa cikin harawa ya isa ya kashe tunkiya ko akuya. Yana da ɗan uwa mai furen rawaya kamar ƙaramar ƙararrawa, da ganye siriri mai sheƙi, da ƴaƴa kore masu ƙwallo a ciki. Wannan ya fi haɗari ga yara, domin suna ɗaukar ƴaƴan su yi wasa, su fasa su ci. Ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya kashe ƙaramin yaro.

Dafin kariya da na waɗannan biyu iri ɗaya ne, zuciya yake kamawa. Wanda ya ci yakan fara da tashin zuciya da amai da ciwon ciki, wani lokaci da zawo. Daga nan sai jiri da kasala. Bugun zuciya ya yi ƙasa, ko ya rikice. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne alamun ba sa fitowa nan take. Yaro yana iya ci da safe ya ci gaba da wasa, sai da rana ko da dare ya faɗi.

Idan an ga yaro ya ci, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kurkure bakin da ruwa. A ɗauke shi zuwa gidan likita nan da nan, ko da yana dariya. A tsinko reshen itacen a sa a leda a tafi da shi, don ma'aikacin lafiya ya san abin da aka ci. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a tsaya ɗura masa nono ko mai ko ruwan kanwa. Waɗannan ba sa karya irin wannan dafi, lokaci kawai suke cinyewa, ga shi ƙauyukanmu da yawa suna nesa da likita.

Kada a yi girki da iccen waɗannan itatuwa, kada a ƙona su kusa da mutane, domin hayaƙin yana cutarwa. Kada a yi asawaki ko tsinken tsire da su. Rassan da aka sare a binne su a rami inda dabba ba za ta tono ba.

Farin ruwan da ke fita daga jikinsu yana ƙona ido. Haka ma na tumfafiya da na aguwa da muka saba da su. Idan ya shiga ido, kada a murza. A yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sa'an nan a je likita.

Ra'ayinmu a fili yake. Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobin da ke yawo, kada loriye da ɗan uwansa su shiga. A makaranta ma haka. Kariya ta fi su sauƙin tsaro, domin gajera ce, ana iya sa ta a tsohuwar tukunya a ɗora a kan katanga.

Dashe da reno

Wanda zai reni nasa daga iri ya shuka a leda cikin Maris ko Afrilu, don dashen ya sami wata uku ko huɗu kafin damina. A haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na taki wanda ya ruɓe sarai. A huda ledar a ƙasa. Iri mai taurin ɓawo, irin na dirga da bagaruwa da sassabani da falamboyan, sai an taimake shi. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin a ciki, a bar shi ya kwana. Wanda bai sami dama ba ya tambayi ma'aikatan gandun daji a Gure inda ake samun dashe.

Lokacin dashe shi ne idan ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta. A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, wato wajen santimita 50. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da toka cikin hannu biyu, a mayar a ramin. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yi dashe da maraice. A tsaga ledar da reza, a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba. Mun sha ganin itacen da aka binne da ledarsa, bayan shekara biyu yana nan tsawon jiya. A danne ƙasa da ƙafa, a bar ɗan kwari a kewaye don ya tara ruwa. Kariya ce kaɗai ba ta son wannan kwari. A wuri mai gangare a yi rabin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa.

Shinge kuwa a tanade shi tun kafin a kawo dashen. Akuya ba ta jiran gobe. Ana iya kewayewa da ƙaya, ko da tubali a bar ƴan kafofi don iska, ko da tsohuwar ganga da aka cire wa gindi. A gefen gabas da arewa a ƙara zana, saboda iskar hunturu mai ɗauke da rairayi tana goge ganyen ƙaramin itace.

Babban aiki yana farawa a Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. Yayyafi kowace rana ba shi da amfani, sama kawai yake jiƙawa, saiwa ta ƙi nitsewa. Gara a zuba rabin bokiti sau biyu a mako, da sassafe ko da maraice. Akwai dabarar da ta fi wannan tattalin ruwa. A sami tulun ƙasa, ko wanda ya ɗan tsage ne, a binne shi har wuya, taƙi ɗaya daga gindin itacen. A cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai wurin saiwa, rana ba ta shanye shi ba. A duba shi bayan kwana uku ko huɗu a ƙara. A shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa a kewaye don laima ta daɗe, amma kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara. Idan gara ta fara gini a jikinsa, a kankare, a barbaɗa toka da dakakken ganyen bedi.

Ba lalle ba ne a ɗebo ruwa musamman domin fure. Ruwan alwala ya isa ya rayar da itace guda. A dasa lalle ko zogale kusa da inda mai gida ke alwala, shi ke nan. Ruwan ɗaurayar kwano da na wanke ganye duk suna yi. Ruwan omo da na jabel suna kashe tsiro, a zubar da su wani wuri. Masu rijiya a kwari su lura da kanwa. Idan an ga fari-fari a kan ƙasa kuma bakin ganye yana ƙonewa, gishiri ne ya taru. A kankare farin, sa'an nan a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya don ya tura sauran ƙasa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne sauro. Sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta, kuma a lokacin zafi kwana goma sun ishe shi ya zama mai cizo. Kowane gwangwani ko tukunya da aka shuka fure a ciki a huda gindinsa. Tulun da aka binne ya zauna a rufe. Kwarin gindin itace ya shanye ruwansa a yini ɗaya. Idan ruwan yana kwana biyu a tsaye, an yi masa yawa, ko kuwa ƙasar laka ce, sai a ƙara rairayi.

Idan a makaranta ko masallaci ko gidan likita za a yi dashen ranar 3 ga Agusta, ruwan saman da ya rage bai fi na mako shida ko bakwai ba. Tun ranar a tsai da wanda zai riƙa ba kowane itace ruwa daga Oktoba zuwa Yuni, a rubuta sunansa, kuma kada a dasa fiye da abin da masu ba da ruwan za su iya ɗauka.